Fundi Kiswaga da Resista Mai Wat Ɗaya

Kwano ɗaya ne ya raba shagona da na Anselimu Kiswaga a bayan tashar motar Makambako. Ni walda nake yi, shi kuma gyaran rediyo da duk abin da ke cin wuta. In na tayar da injina fitilarsa ta dushe, sai ya daki kwanon ya ce, "Kai Jaki, shanye wutar garin za ka yi?" Ni kuma in ce, "Yi shiru bawana, ubangidanka na aiki." Sunana Mapunda, da harshenmu jakuna ke nan, shi ya sa. Ni Bangoni ne daga Songea, shi ɗan ƙabilar Bena ne. Kakanninmu sun yi yaƙinsu sun gaji, suka bar mana wasa. Utani muke ce masa. Abokin wasanka yana iya zaginka a gaban surukanka, yana iya tsayawa a bakin kabarin ubanka ya hana a rufe sai an lallashe shi, kuma ba ka da ikon ɗaure fuska.

A wani ƙauye wajen Ilembula aka haife shi. Aji huɗu ya yi ya gudu, don wani malami ya taɓa tsayar da shi a gaban allo da alli a hannu har aka tashi, bai iya rubuta komai ba. Tun daga nan shi da lamba sai kallo daga nesa. Ya tafi Iringa ya zauna gun wani tsoho mai gyaran rediyo, ya yi shara, ya yi aike, har hannunsa ya faɗa. Da ya dawo nan ya buɗe shago, babu gidan da bai shiga ba. Zamanin kaset shi ne, zamanin talabijin mai ƙaton baya shi ne. Ba a kiran sunansa ma, Fundi kawai ake cewa, wato mai sana'ar hannu, kowa ya san wanda ake nufi, alhali garin cike yake da mu masu sana'ar hannu.

Akwai wani ɗan abu a cikin kayan wuta da ake kira resista. Bai wuce ƙwayar wake ba, yana da ƙafa biyu na waya da zanen launi a jikinsa. Aikinsa ya tare wuta ya rage mata gudu, abin da ya tare kuwa zafi yake zama a jikinsa. Kowace tana da iyakar zafin da za ta iya ɗauka, da wat ake auna shi: akwai mai kwata, mai rabi, mai ɗaya, mai biyu, kowace da girmanta. Kiswaga ya san launukan nan kamar yadda ya san fuskokin 'ya'yansa. Amma a zo kan wat nawa za a saka, ba ya lissafi. Leɓe yake sa wa. Zai kunna abu ya bar shi gwargwadon shan kofin shayi, ya zare wuta, ya kai resistar leɓensa na ƙasa. In ya ce "jariri", lafiya lau. In ya ce "shayi", za ta kai labari. In ya ce "ugali", wato tuwon masara da aka sauke yanzu, sai ya cire ya sa babba. Da wannan leɓen ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya, kuma ban taɓa jin ya ci amanarsa ba. Ni kaina na fi yarda da shi da mitar da ke rataye a bangonsa.

'Yar autarsa Sikitu sunan mahaifiyarsa ta ci, saboda haka Mama yake ce mata. A ƙarƙashin teburinsa ta yi rarrafe, tana tsintar guntayen dalma ana ƙwace mata daga baki. Mutumin da ya tsani lamba, shi ya kai ta makarantar koyon sana'a a Mbeya ya ce ta karanto lantarki. Ta dawo da wata tsohuwar kwamfuta da ilimin wata 'yar ƙwaƙwalwa baƙa, mai ƙafafu kamar shanshani, wadda ake rubuta mata umarni ta bi. Lokacin kuwa sana'ar uban ta fara mutuwa a tsaye. Wa ke gyara rediyo yanzu? Yini guda sai ka ga abin da ya shigo shagon bai wuce tocila da cajar waya ba.

Ita ta kawo shawarar akwatin 'yan tsaki. Matan garin nan da yawa suna kiwon kaji, sanyinmu kuma na Yuni da Yuli ba ya barin ɗan tsako ya kwana sai da wuta. Da kaskon gawayi suke yi, mace ta yi ta tashi tana ƙara gawayi, hayaƙi ya kashe wasu, barci ya kashe wasu. Sikitu ta ce a rataya musu ƙwan fitila mai zafi, a sa abin jin ɗumi a ƙasa, ƙwaƙwalwar ta riƙa ƙara hasken in sanyi ya sauko, ta rage in ɗaki ya yi ɗumi. Ni na yi musu ƙarfen ratayewa. Uban ya raba aiki da bakinsa.

"Gefen da ke kashe mutum nawa ne," in ji shi. "Gefen rubutu naki ne, Mama. Kada ki taɓa mini nawa, ba zan taɓa miki naki ba."

A gefensa akwai resista guda da ta fi sauran muhimmanci. Yadda Sikitu ta bayyana mini, wutar gida kai da kawo take yi, ƙwaƙwalwar kuma sai ta ji daidai lokacin da wutar ta juya kafin ta san yaushe za ta buɗe wa fitila. Ta cikin resistar nan take ji. Ni dai abin da na riƙe, ita ce kunnen ƙwaƙwalwar, kuma ita kaɗai ke tsaye a gaban wutar gida gaba ɗayanta.

Ina jin su ta kwano ranar da suka zo kanta. Zanen haɗin akwatin daga waya Sikitu ta samo shi, wani mutumin Amurka ya yi. Ya ce a sa mai rawaya da shunayya da ruwan goro, ta rabin wat.

"Baba, bari in buga lissafin tukuna. Wutarsu ba irin tamu ba ce."

"Na san da haka kafin a haife ki. Tasu nawa?"

"Bolt ɗari da ashirin."

"Tamu fa?"

"Ɗari biyu da talatin."

"To ninki biyu ke nan. Rabi in an ninka shi nawa ne? Ɗaya. Miƙo mini mai wat ɗaya. Ko jakin da ke bayan kwanon nan ya san wannan."

Na ce, "Jaki ya ji, ya kuma gode."

Ta ce, "Amma Baba..." Sai ga wani ya shigo da tocila, ta haɗiye sauran. Ya liƙa resistar, ya kunna, ya sha shayinsa, ya zare wuta, ya kai leɓe. Na ji ya ɗan ja iska, sannan ya ce, "Shayi ne. Mai zafi dai, amma shayi." Ya rufe akwatin robar ya ɗaure sukurori.

Mama Festo ce ta fara ɗauka. Mijinta ya rasu, da kaji take riƙe gidanta, ita ce kuma shugabar ƙungiyar mata masu kiwo. In ta ce abu yana da kyau, duk sai su bi. Ta zuba 'yan tsaki wajen ɗari uku a ƙarƙashin fitilar. Mako na farko ta biyo ta shago tana dariya, ta ce rabonta da barci irin wannan tun tana budurwa. Kiswaga ya yi ta shafa haɓa. Matan suka fara zuwa tambaya.

Wata safiya a tsakiyar Yuli, irin wadda ƙarfe ke manne wa mutum a hannu, muna buɗe shaguna sai ga ta da bahon roba a ka, an rufe shi da zane. Ta sauke a ƙofar Kiswaga, ta yaye zanen.

"Fundi, ga 'ya'yanka na kawo maka."

Ɗan tsako in sanyi ya kama shi kusurwa yake nema, su hau kan juna, na ƙasa ya mutu da nauyi, na sama ya mutu da sanyi. Bahon ya cika, ta ce akwai wani a gida. Ba a ɗauke wuta ba, fitilar ɗakinta na ci har gari ya waye. Ta akwatin ce ta mutu ita kaɗai. Kafin ka ce me, 'yan babur da masu tumatir da masu shayi sun kewaye mu. Wani ya ce, "Fundi, yaya aka yi haka?"

Akwatin na hannun Mama Festo, ko sukuru ɗaya ba a kwance ba. Na ga idonsa ya zagaya fuskokin mutane. Sai ya ce, "Gefena da bakina na gwada shi. Kun san ni. Wannan ƙwaƙwalwar ce ta rikice. Na sha gaya wa yarinyar nan, abin boko ba ya jure sanyin garin nan."

Sikitu na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Ta dubi ubanta, ta jingine tsintsiyar, ta zo ta durƙusa a gaban Mama Festo a kan ƙasar nan mai sanyi.

"Ki yi haƙuri Mama. Laifina ne."

Mama Festo ta ce, "Haƙuri ba ya yin ƙwai, 'yata." Ta ɗauki bahonta ta tafi.

Da rana na zagaya baya inda nake tara guntayen ƙarfe, sai na same shi tsugune da akwatin a buɗe. Warin ne ya fara kai mini, irin na ƙonanniyar roba. Ban san lantarki ba, amma na san ƙuna, kuma na san gefen wa nake kallo. Resistar ta yi baƙi ƙirin, ta tsage a tsakiya, launukan sun goge, allon da ke ƙarƙashinta ya toye ya yi ruwan ƙasa. Gefen yarinyar kuwa tsaf, kamar yau aka haɗa shi. Ya ɗago muka haɗa ido. Ya datse abin da filaya, ya jefa cikin durom ɗin ruwan da nake sanyaya ƙarfe, ya miƙe ya shige shagonsa.

Abin da ya yi bayan nan, sai in ce ya yi ƙoƙari. Ya je gidan Mama Festo ya sake mata wayoyin ɗakin kaji gaba ɗaya, bai karɓi komai ba. Ya ɗauki buhun gawayi a kafaɗa, dattijo da shi, ya kai mata. Ya nemo mata wasu 'yan tsakin. Ni mutum ne da ba na sauraron baki, hannu nake kallo, saboda haka na ce a raina, to ya gyara. Amma mutanen gari wani abu suka gani. Cewa suke yi, "Allah sarki Fundi, yana ta biyan ɓarnar 'yarsa." Kullum ya yi wani alheri, sai sunansa ya ƙara haske, nata ya ƙara dushewa. Matan ƙungiya suka aiko masa ya yi musu akwatin, amma irin na da, mai maɓallin murɗawa, kuma kada yarinyar ta sa hannu. 'Yan babur suka laƙaba mata suna, in ta wuce su ce, "Ɓoye kajinku, ga injiniya nan." Ta daina zuwa shago.

Shi kuwa ya daina dukan kwano. In na tayar da inji fitilarsa ta dushe, shiru. Abincinsa ma a ciki yake ci, ƙofa a saye.

Rannan sai ga Sikitu ta bayan shagona, ta hanyar da uban ba zai gan ta ba, tana jan akwatin ƙarfe da hannunsa ya ɓalle. Ta gaishe ni da shikamoo, gaisuwar yaro ga babba, na amsa.

"Baba Mapunda, a liƙa mini wannan."

"Ina za a?"

"Dar, babban birni. Gwaggona na da rumfar gwanjo, tana neman mai tsare mata."

"Gwanjo? Ke da kika yi karatun wuta?"

"Wa zai ba ni abinsa in taɓa a garin nan?"

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce, "'Yar bawana, na ga cikin akwatin can. Kin san abin da ya ƙone?"

Ta saki akwatin. Sannan ta ce, "Na sani tun ranar da aka saka ta. Na buga a waya."

Ta ɗauki allin da nake zana ƙarfe da shi, ta tsuguna gaban wani faranti da ke jingine, ta fara rubutu. Ta ce zafin da resista ke sha, ana ɗaukar ƙarfin wutar a ninka shi da kansa, sannan a raba da girman tarewarta. Wannan tata dubu arba'in da bakwai ce. A wutar mai zanen, ɗari da ashirin sau ɗari da ashirin, in an raba, ko sulusin wat bai cika ba, shi ya sa rabi ya ishe shi har da saura. A tamu, ɗari biyu da talatin sau ɗari biyu da talatin, dubu hamsin da biyu da ɗari tara, in an raba ya haura wat ɗaya. In mu masu walda da masu injin niƙa mun tashi, wuta takan hau har ɗari biyu da hamsin, ya zama wat ɗaya da sulusi. Ga akwati a rufe, ga ɗumin fitila.

Na ce, "Tsaya. Wuta ninki biyu, zafi kusan ninki huɗu? Ta yaya?"

"Baba Mapunda, in aka kawo maka ƙofa, aka ce ka ninka tsawonta ka ninka faɗinta, fenti nawa za ta sha?"

Na ce, "Huɗu." Ni ma fa ranar nan ta bayan kwano na yarda rabi da rabi ɗaya ne, magana ta ƙare.

Ta ce ƙa'ida ma ba a ba resista daidai abin da za ta ɗauka, ana ninka mata. Mai wat biyu ce mafi ƙaranci, ko a jera guda biyu su raba zafin.

"To me ya hana ki faɗa?"

"Na fara sau biyu a gida. Ya ce in kawo masa ruwan wanka." Ta murza allin a yatsunta. "In ce wa Baba leɓensa ya yi ƙarya? Shi kaɗai ke gare shi fa. Kuma ni ma ba a wanke nake ba. Da na rubuta wa ƙwaƙwalwar cewa in ta daina jin wuta ta kunna fitila gaba ɗaya, da zafi ne zai dame su, ba mutuwa ba. Ban yi tunanin haka ba."

"Wannan kika durƙusa a kai?"

"Na durƙusa ne don kada a buɗe akwatin a gaban mutane."

Ta roƙe ni kada in gaya wa kowa. Ban yi mata alkawari ba.

Washegari da safe a rumfar mai shayi, inda rabin layinmu ke karyawa da mandazi, wato fankenmu, Kiswaga ya zo sayen nasa zai koma da shi shago. Na ce a raina, ga ranar da utani zai yi amfani. Na ɗaga murya.

"Jama'a ku ji! Bawan nan nawa shi ya kashe kajin Mama Festo. Leɓensa ya tsufa, ba ya bambance shayi da ugali. Yarinya ba ruwanta!"

Wurin ya kece da dariya. Mai shayi har da riƙe ciki. Wani ya ce, "Kai Mapunda ba ka da dama! Fundi, rama mana." Wani ya ce, "Bangoni da baki, in ba mata ba sai sharri." Babu mutum ɗaya da ya ɗauka gaskiya na faɗa. A nan na gane abin da na yi shekara da shekaru ina yi ban lura ba: an ba abokin wasa ikon faɗin komai ne don an riga an yanke cewa ba za a yarda da komai nasa ba. Kiswaga kaɗai bai yi dariya ba. Ya yi murmushin dole ya wuce.

Na bi shi. Na ce ya zagayo, ƙarfena na son magana da shi. Ya tsaya a gaban farantin nan da rubutun 'yarsa, hannu a baya, kamar wanda aka kai gaban alƙali.

"Goge shi."

"Ba zan goge ba."

"Na ce ka goge."

"Karanta tukuna."

Ya zuba wa rubutun ido. Da zai yi magana muryarsa ta yi ƙasa. "Ban san abin da ta rubuta ba, Mapunda."

Tun da muke, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na bayyana masa da ƙofa da fenti, yadda aka yi mini. Ya gane nan take, don ba daƙiƙi ba ne. Ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Ta san haka tun farko?"

"Tun ranar."

"Ta kuma durƙusa."

"Da idonka ka gani."

"Na kai gawayi. Na sake waya. Me kuma ake so in yi?"

"Gawayin naka ita yake ƙonawa. Ka ji da kunnenka, ni na faɗa an yi dariya. Bakinka ne ya ɗaure ta, shi zai kwance ta. Ga akwatinta can na liƙa hannun, motar Asabar za ta bi, gwanjo za ta je sayarwa."

Bai san da tafiyar ba. Ya dubi akwatin, ya dube ni. Ya ce, "In na faɗa, wa zai sake kawo mini ko tocila? Tsufa ya zo, Mapunda. Sunan nan shi kaɗai na tara."

Na ce, "Na sani." Gaskiya ya faɗa. Na koma bakin aikina.

Ranar Alhamis matan ƙungiya suka zo karɓar akwatunansu masu maɓalli, su wajen goma, Mama Festo a gaba. Sai na ji an daki kwano.

"Jaki, zo ka kama mini kayan nan."

Muka ɗauko farantin mu biyu muka jingine shi a ƙofar shagonsa, rubutun na kallon titi. Ya aika aka kira Sikitu daga gida. Ta zo tana raɓe-raɓe, da ta ga farantin sai ta tsaya cak. Ya shiga ya fito da allon akwatin farko, ya miƙa wa Mama Festo.

"Dubi nan. Kin ga inda ya toye?"

"Na gani."

"Gefena ne. Ni na sa abin da ya yi ƙanƙanta. Ta ce a yi lissafi, na hana. Ga lissafin nan a ƙarfe, nata ne, daidai ne, ni ban iya shi ba. Ban taɓa iyawa ba." Ya dubi Mama Festo. "Ranar da kika zo ban buɗe akwatin ba na ce ita ce. Da rana na buɗe na gani, na yi shiru."

Sikitu ta ce, "Baba, ya isa. Don Allah ya isa." Ta ja gyalenta ta rufe fuska.

Babu wanda ya yi dariya. 'Yan babur da suka matso jin gulma suka fara kallon tayoyinsu. Mama Festo ta juya allon a hannunta, ta sa farce ta kankari wurin ƙunar.

"Kaji dai kaji ne, Fundi. Annoba ma tana kwashe su, mu share ɗaki mu sake zubawa. Na yafe kaji tun ranar da ka kawo gawayi." Ta miƙa masa allon. "Amma kana tsaye, da girmanka, ka bar yarinyar da ke ɗauke da sunan uwarka ta durƙusa mini a ƙasa a kan abin da hannunka ya yi? Har ni ma ka sa na yi mata baƙar magana?"

Kiswaga ya sunkuyar da kai. Ni da ba ni aka yi wa ba, sai da na rasa inda zan sa idona.

Ta juya ga Sikitu. "'Yata, buɗe fuskarki. In aka sa abin da ya dace, akwatin naki zai kwana?"

"Zai kwana, Mama. Zan kuma gyara yadda ko wani abu ya lalace fitilar ba za ta mutu ba."

"To ki yi mini ɗaya. Ke za ki yi, da hannunki, gefe biyun." Ta dubi sauran matan. "Ku kuma kowa ta yi abin da ta ga dama."

Wasu suka ɗauki masu maɓallin, wasu suka ce za su jira na yarinyar. Wani dattijo da ya kawo rediyonsa tun makon jiya ya shiga shagon ya ɗauko abinsa ba a gyara ba, ya sa a hammata, ya wuce ta gaban Kiswaga bai ce masa uffan ba.

Sikitu ba ta bi motar Asabar ba. Abin da Kiswaga ya ji tsoro kuwa ya same shi, ba duka ba, amma ya same shi. Waɗanda suka saba zama a bencinsa sun ragu. Mama Festo takan zo shagon, ta yi maganarta da yarinyar, ta gaishe shi gaisuwar da ake yi wa baƙo a mota. In ya hango ta daga nesa sai ya tuna yana da abin yi a baya. Rumfar mai shayi ma bai koma ba, kuma ni ban sake tsokanarsa da kaji a gaban mutane ba, ko da yake ina da iko.

Yanzu da rana in kasuwa ta lafa, sukan zagayo bayan shagona su biyu, inda ba mai gani daga titi. Ta ba shi lamba, ya tsuguna da allina a gaban guntun ƙarfe. Yana daɗewa ƙwarai. Jiya ina jin su ina gasa rodi, ta ba shi wata resista ta ce ya nemo mata wat. Ya yi ta rubutu yana gogewa da gefen hannu, can ya faɗi amsa.

Ta ce, "Baba, ka manta ba ka ninka wutar da kanta ba."

Ya yi tsaki, ya leƙa ko wani na zuwa. Sannan ya tofa yawu a tafin hannu, ya goge ƙarfen, ya sake farawa daga sama.